Gurbin Sunan Miji

Ba zan rubuta sunanta a nan ba, domin ita ce 'yata ta fari, kuma tun ranar da aka raɗa mata suna bakina bai taɓa furta shi ba. Haka na taso na ga ana yi a Jajaye, inda aka haife ni, haka kuma na ci gaba bayan aure ya kawo ni Karaye. In zan kira ta sai in ce "ke," in ba ta kusa kuma in sa ƙannenta su kira mini yayarsu. A hannun goggonta ta girma, can Rogo Sabon Gari, sai da ta gama difloma sannan ta dawo gabana. Shi ya sa ko da muke zaune gida ɗaya akwai nauyi tsakaninmu. Muna aiki tare, muna cin abinci wuri ɗaya, amma doguwar hira ba ta cika haɗa mu ba.

Shekara biyu ta yi a gida babu aiki. Tana taya ni suyar ƙuli-ƙuli, tana kai takardunta duk inda aka ce ana ɗaukar ma'aikata, ana ce mata ta jira. Ba ta ƙorafi. Ni dai ina ganin yadda take ninke takardun nan ta mayar cikin jaka in ta dawo, ba ta ko ɗaga kai.

Ana tsakiyar cirar gyaɗa goggonta ta bugo waya. Ta ce wani ofishi a Rogo, wanda yake kula da azuzuwan mata na yaƙi da jahilci a ƙauyukan Beli da Jajaye, yana neman wanda zai riƙe masa rajistar ɗalibai a kwamfuta. Za a yi gwaji nan da mako uku. Sharaɗin shi ne mutum ya san abin da suke kira rumbun bayanai, kuma ya zo da wanda ya haɗa da hannunsa ya nuna musu. Yarinyar ta iya buga rubutu a kwamfuta, tana ma da wata tsohuwar kwamfuta da mijin goggonta ya bar mata, amma wannan ilimin ba a koya mata ba.

Muna tsintar gyaɗa a tsakar gida na tambaye ta, "Mene ne shi rumbun bayanan?"

Ta ce, "Kamar rajistar ajinku ne, Inna. Sai dai shi in kin tambaye shi yana amsawa. Ki ce masa su wa suka yi fashi sau uku a watan jiya, ya jero miki su kafin ki ɗaga kai."

"Ni ma ai ina iya jero su."

"Ke mata talatin da ɗoriya kike riƙe da su. Su nasu ƙauyuka ne."

Ta san inda ta nufa da ta ambaci rajistar. Ni ma ɗalibar yaƙi da jahilci ce, da girmana na koyi riƙe biro, kuma da malamarmu ta ga rubutuna yana fita sarai sai ta damƙa mini rajistar ajin. A ƙarƙashin filona take kwana. Yarinyar ta ce akwai manhajojin da ake koyon wannan aiki da su, ana sauke su daga intanet kyauta, za ta zaɓi ɗaya. In ta zaɓa kuma tana so ta gwada da rajistarmu, don ta je gaban masu gwaji da abu na gaske.

Kalmar kyauta ce ta sa na ajiye farantin gyaɗar.

Wasu shekaru kafin wannan, wasu baƙi sun zo unguwarmu da mota mai kyau, suka ce za a raba wa mata keken ɗinki kyauta, sunaye da lambobin waya kawai suke so. Ni ce na bi gida-gida ina cewa mata su fito, don na ga takardunsu da tambari a kai, ni kuma a lokacin duk abin da ke rubuce ina ɗaukarsa gaskiya. Ko ƙafar keke ba mu gani ba. Abin da ya biyo baya kiraye-kirayen waya ne, mutum ya kira ki da cikakken sunanki, ya ambaci unguwarku, ya ce daga banki yake, ki faɗa masa lambarki ta sirri. Wata maƙwabciyata ta faɗa. Ba ta taɓa ce mini komai a kai ba, amma ta daina aiko mini da miya, kuma na fahimta.

Na ce wa yarinyar, "Rajista amana ce. Sai na san inda sunayen za su je."

Ba ta yi musu ba. Washegari ta ce za ta je shagon wani mai gyaran kwamfuta kusa da tasha ta nemi shawara, na yafa mayafi na bi ta. Mutumin ya tarbe mu da fara'a, ya share mini benci da hannun rigarsa. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya girgiza kai.

"Hajiya, kada ku soma. Waɗannan na kyauta ba su da tabbas. Ni ina da orijinal, irin wanda manyan kamfanoni suke aiki da shi. Yanzu in sa mata shi, ku ba ni na goro kawai."

Ya ciro wani ɗan filashi, abin nan da ake kwasar bayanan kwamfuta a ciki, daga aljihu yana juya shi a yatsa. Rabin maganarsa ta yi mini daɗi, don ta zo daidai da abin da ke raina. Sai yarinyar ta ce, "Malam, kai a ina ka samo shi?"

Ya yi dariya. "Ƙanwata, ke dai ba aiki kike so ya yi ba?"

"In ya nemi lambar shaidar saye fa?"

"Akwai yadda muke yi masa ya yi shiru."

A hanyar gida ta gaya mini na sata ne, an fasa shi ne an kwafa, kuma irinsa ne ma ake ɓoye mugun abu a ciki. Sai na rasa inda zan tsaya. Na kuɗi na sata ne, na kyauta kuma ban san me yake so a wurinmu ba.

Kwana huɗu ta yi tana dubawa. Da safe ta kai kwamfutar caji wurin masu sola, da hantsi ta zauna a inuwar ɗakina ta buɗe. Sunayen manhajojin na Turanci ne, ba su zauna mini a baki ba, ni da hotunansu nake gane su. Akwai mai hoton giwa, akwai mai hoton wani kifi da ya yi tsalle, akwai mai gashin tsuntsu guda ɗaya. Akwai kuma wata ta huɗu wadda ba a sauke ta, a can intanet take zaune, sai ka ba ta adireshinka da lambar waya ta buɗe maka ƙofa. Ta ce wannan ta fi sauƙin farawa, ga ta da kyan gani.

Na ce, "Wannan ta huɗun, in kin zuba sunaye a ciki, ina suke kwana?"

"A wata babbar kwamfuta, can wata ƙasa."

"Ta wa?"

"Ta masu ita."

"To cire ta daga lissafi."

Ta cire ba tare da gardama ba. Mai giwar ce ta fi kwanta mata, don ta ji an ce manyan ofisoshi da ita suke aiki, mai kifin ma haka. Amma su biyun sai an kafa musu wani abu a cikin kwamfuta wanda zai zauna kullum yana jira kamar mai gadi, a ba shi kalmar sirri, a saita masa wannan da wancan. Ta yi kwana biyu tana fama da giwar. Ba laifin giwar ba ne, ita ce ba ta san hanya ba, ga tsohuwar kwamfutar tana huci kamar ta hau tudu, ga caji yana ƙarewa kafin azahar. Ranar na ga ta dafe kai, ta ce an ci mako ɗaya saura biyu, ko layi ɗaya ba ta rubuta ba.

Mai gashin tsuntsun ƙarama ce. Ta ce duk abin da ka zuba mata a fayil guda yake zama, cikin kwamfutarka, kamar buhu ɗaya a kusurwar ɗaki. Ta ce yaren da ake yi mata tambaya kusan ɗaya ne da na giwar da na kifin, in ka koya a nan ka koya a can.

Na ce, "Wa ya yi ta?"

"Wasu mutane ne suka yi don aikinsu, suka bar ta a buɗe kowa ya ɗauka."

"Su me suke ci?"

"Akwai kamfanonin da ke biyansu in suna son a taimaka musu da ita. Kuma cikinta a buɗe yake, Inna, duk wanda ya iya yana iya dubawa ya ga ba a ɓoye komai ba."

"Ke kin iya dubawa?"

Ta ce a'a.

Na ji daɗin wannan a'ar, don da ta ce e da ban ƙara yarda da komai ba. Na ce to, tunda ni da ita ba mu iya duba ciki ba, za mu duba ta waje. Na san da wayarta kwamfutar take samun intanet. Na karɓi wayar, na cire layin da hannuna na ƙulle shi a bakin zanena, wayar kuma na kai ta ɗakin girki na kife ta da kwano. Na dawo na ce ta buɗe abin mu gani ko zai yi aiki. Ta dube ni, ta dubi ƙofar ɗakin girki, sai dariya ta ƙwace mata har da riƙe ciki. Ban taɓa jin ta yi irin wannan dariyar a gabana ba. Ni ban yi ba, don da gaske nake.

Ya yi aiki. Babu waya, babu layi, ya buɗe ya karɓi rubutu.

Duk da haka ban ba ta rajistar ba. Na ce ta fara da awakina. Ta yi jadawali biyu, ɗaya na iyaye ɗaya na 'ya'ya: mai farar ƙafa, mai karyayyen ƙaho, baƙar da ke tsallake katanga, da sauransu. Ta rubuta kan kowane gurbi da Hausa don in iya karantawa. Sai ta buga wasu gajerun kalmomin Turanci, abin ya fito da akuyar da ta haifi tagwaye. Na matso na karanta a hankali da yatsana.

Na ce, "Kin ba baƙar ɗan da ba nata ba. Na mai karyayyen ƙaho ne, wurin baƙar yake tsotso kawai."

Ta gyara. A nan na gane abin bai san komai ba sai abin da aka gaya masa, kuma in an gaya masa ƙarya zai maimaita ta babu kunya. Wannan ya rage mini tsoronsa ta wani gefe, ya ƙara mini ta wani gefen.

Gwajina na ƙarshe shi ne na sa ta rubuta lambar wayata ni kaɗai a ciki, ta mayar da layinta, ta kunna intanet, mu jira kwana uku. A rana ta biyu ina tsakiyar matsar mai sai wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Na goge hannu na ɗauka. Muryar mace ce, ta yi sallama ta tambayi gida da yara, ta ce daga Beli take, man gyaɗa take so na biki. Na tambaye ta wa ya ba ta lambata, ta ce 'yar uwarta da ke aure a layinmu. Na ce wace, ta faɗa. Na ce a wane gida, ta faɗa. Na ce yaushe suka yi maganar. Sai ta ce, "Baiwar Allah, mai kike sayarwa ko 'yar sanda ce ke?" Na ba ta haƙuri. Da kwana ukun suka cika babu wani kira, na ɗaga filo na miƙa wa yarinyar rajista. Saura kwana tara a yi gwaji.

Rajistarmu suna ɗaya-ɗaya ne a ciki, kuma sunayen mata a wajenmu ba su da yawa. Akwai suna guda da mata bakwai suke amsawa a ajin, akwai wani na mata biyar. Ni ban taɓa rikicewa ba, don na san fuskokinsu da inda kowacce take zama. Yarinyar kuwa ta tsaya. Ta ce malamin da take kallon darasinsa a waya, wani Bature, ya ce dole kowane mutum a jadawali ya kasance da abin da zai bambanta shi da kowa, kuma shi a misalinsa da suna biyu yake rubuta mutane. Sai ta ƙara gurbi, ta kafa masa doka cewa ba za a bar shi fanko ba. Na leƙa na karanta abin da ta rubuta a kansa: sunan miji.

Na ce, "Wannan gurbin zai ba ki wuya."

Ta ce, "Minti goma ne, Inna. In na zo ajinku gobe kowacce ta faɗa mini, shi ke nan."

Ya kamata in yi mata bayani a lokacin. Amma in zan yi sai na kawo kaina misali, in ce mata ko ni ba zan faɗi sunan mahaifinta ba, kuma wannan magana ce da ban saba yi da ita ba. Na ɗauka ma ta sani, na manta a gidan goggonta ta tashi, inda 'yan boko suka fi yawa, kuma abin da ta sani a kai bai wuce na labari ba. Na bar ta a haka. Har yau in na tuna ina jin laifin nawa ne.

A wani ajin firamare muke karatu bayan la'asar, in yara sun tashi. Malama ta ba yarinyar izini. Ta gaishe da mata da ladabi, ta ɗora kwamfutar a tebur, ta fara da ta gaba, wata amarya da ba ta fi shekara da aure ba.

"Sunan mijinki?"

Amaryar ta ja mayafi ta rufe fuska. Yarinyar ta ɗauka ba ta ji ba ne, ta maimaita da ƙarfi. Sai wata dattijuwa da duk muke kira Iya, wadda ta fi kowa shekaru da kaifin baki, ta cire tabarau ta ce, "Ke jikata, a Rogo aka rene ki ko a Turai? Tambayi uwarki mana, ga ta nan zaune. In ta faɗi na ubanki, ni ma in faɗi na mijina har da na kakansa."

Aka kwashe da dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Da dariyar kaɗai ce da sauƙi. Daga baya na ji wata tana cewa ƙasa-ƙasa, me za a yi da sunayen mazajenmu a cikin na'ura? Wata ta amsa mata, ai masu keken ɗinki ma haka suka fara. Yarinyar ta rufe kwamfutar ta fita.

Washegari mata goma sha ɗaya ne suka zo aji. A bakin famfo wata ta dube ni ta ce, "Ke ce dai kuma." Wasu suka aiko a ce mini in cire sunayensu daga duk inda na sa. A gida kuma abin ya ƙi karɓar ko mace ɗaya, duk layin da ta shigar sai ya dawo mata da shi da jan rubutu, saboda dokar da ta kafa da hannunta. Saura kwana shida. Na same ta zaune bakin gado, kwamfutar a rufe. Ta ce za ta ƙirƙiro sunayen mazaje ta cike gurbin, wa zai sani.

Na zauna kusa da ita, abin da ban saba ba. Na ce ita ce ta nuna mini abin yana maimaita ƙarya. Sannan na yi mata maganar da na ƙi yi tun farko, ina kallon ƙasa, na gaya mata yadda mace take jin nauyin wannan suna, da yadda mata suka ji da aka tambaye su a gaban jama'a. Na kuma ba ta labarin keken ɗinki daga farko har ƙarshe, har da maƙwabciyata. Ba ta taɓa jin rawar da na taka a ciki ba.

Ta ce, "To yaya zan bambanta mata bakwai masu suna ɗaya?"

Na ce, "Da lambarsu."

"Wace lamba?"

Na ɗauko littafina na aji na juya mata bayansa. A farkon shekara an raba mana littattafan rubutu iri ɗaya, duk masu shuɗin bango, kuma a lokacin yawancin mata ba su iya karanta sunansu ba, kullum ana musayar littafi ana rigima. Sai na rubuta wa kowacce lamba babba a bayan nata. Ni ce ta tara. Iya ce sha bakwai. Kowace mace ta san lambarta, wasu ma ita ce abin da suka fara iya rubutawa. Ban sa ta a rajista ba don ban ga amfanin hakan ba.

Ta karɓi littafin tana kallon taran nan. Ta ce malamin ya yi maganar irin wannan lamba a darasin gaba, ita ce ta yi gaggawa ba ta kai wurin ba. A zaman nan ta goge gurbin sunan miji. Na ce saura ɗaya, sunayen mata ba za su je Rogo ba. Ta yi tunani, ta ce za a iya. Ta raba aikin gida biyu kamar na awaki: fayil ɗaya lamba da suna, ɗayan lamba da ranakun zuwa aji da darasin da kowacce ta kai. Na biyun za ta nuna, na farkon ta kwashe shi a filashi ta bar mini.

Kwana biyu muka yi muna bin gidaje tare, ita da kwamfuta ni da rajista. Da gidan Iya muka fara, don in ta yarda rabin ajin ya yarda. Yarinyar ta durƙusa ta ba ta haƙuri. Iya ta sa aka kawo mana ruwa, ta ce, "Da ma taimakonki na yi. Ni maza uku na aura. Na farko ya rasu, na biyu ya sake ni, na uku ga shi can a zaure yana tari. Wanne za ki rubuta? In wannan ma ya gaji da ni sai ki dawo ki goge?"

"Shi ya sa na zo da lamba, Iya. Ita ba ta canjawa."

"Sha bakwai ba ta saki, gaskiyarki." Ta sa tabarau ta nemi a nuna mata layinta. Ta ga sha bakwai, ta ga ranakun da ta yi fashi. Ta ce ranar Talatar nan ba fashi ba ne, makara ta yi, a gyara. Aka gyara.

Ba kowa ce ta yarda ba. Mata huɗu suka ce ko lambarsu ba sa so a ciki. Yarinyar ta goge layukansu a gabansu. Ɗaya daga ciki ta ce, "Da kika goge, ina ya tafi?" Yarinyar ta ce babu shi kuma. Matar ta dube ni, ni kuma ban ce mata e ba, don ban gani da idona ba. Na ce mata abin da na gwada da abin da ban iya gwadawa ba. Ta dawo aji bayan mako biyu, amma littafinta ba ta ƙara barinsa a hannuna ba.

Ranar gwaji yarinyar ta hau mota da sassafe. Ban iya suya ba ranar, na yi ta shara inda na riga na share. Da la'asar ta dawo, ta yi sallama, ta sha ruwa, sannan ta zauna ta ba ni labari.

Su biyar ne suka je. Wata mata ce mai gilashi ta yi musu gwajin. Da ta buɗe nata, matar ta ce ina sunayen ɗaliban? Yarinyar ta ce suna Karaye wurin mahaifiyarta, masu su ba su yarda su fito ba. Matar ta ɗago ta dube ta, ta ce to nuna mini waɗanda suka yi fashi fiye da sau uku. Ta buga, lambobi shida suka fito. Matar ta ce a cikinsu su wa ba su wuce darasin farko ba? Ta buga, biyu suka rage. Sai matar ta jawo wata rajistar takarda ta ajin Beli ta buɗe mata, ga gurbin sunan miji nan layi bayan layi, yawanci babu komai, wasu kuma an cike su da rubutun hannu ɗaya, da gani malamin ajin ne ya cike da abin da ya ga dama. Ta tambaye ta yadda za ta yi da wannan, ita kuma ta gaya mata.

Daga ƙarshe matar ta ce su a ofishinsu da mai giwa suke aiki, ta iya? Ta ce ba ta iya kafa ta ba tukuna, ta gwada ta kasa, amma tambayar da ake yi musu kusan iri ɗaya ce. Matar ta ce kafawa akwai mai yi musu. An ɗauki yarinyar gwajin wata uku, za ta fara ranar Litinin.

Na ce alhamdu lillahi, na ce Allah ya sa albarka, na tashi na shiga ɗaki don kada ta ga fuskata. Ranar Lahadi ta koma gidan goggonta da jakarta.

Sai da ta tafi wani tunani ya zo mini. Na ofishin ba a fayil guda yake zaune ba, kwamfutoci da yawa ne suke shiga cikinsa, kuma cikin matan Jajaye da za ta rubuta akwai ƙannena biyu da matar yayana. Na kira ta na ce in ta samu sarari ta tambaya su wa ke iya buɗe sunayen. Ranar Alhamis ta bugo, ta ce ta tambaya, mutum uku ne: ita, da matar mai gilashi, da wani.

Na ce, "Wane ne wanin?"

Ta ce ba ta gan shi ba tukuna, an ce daga Kano yake zuwa.

Na ce in ya zo ta dube shi da kyau, ta kuma tambayi ko ɗan gidan wane ne.